Maƙwabcina mai gidan giyar inabi ya gayyace ni, Yaya kuma ya ga hoto

Assalamu alaikum Kawu,

Ni ɗan Zariya ne, shekarata 29, ina karatun digiri na uku a fannin noma a wata jami'a a Viyana, babban birnin Ostiriya. Ina haya a Stammersdorf, can bakin gari inda jirgin cikin gari mai lamba 31 yake juyawa. Jikin gidan da nake akwai ɗan gidan abinci na wasu tsofaffi, mata da miji. Suna da gonar inabi a bayan unguwa, su suke matse inabinsu su yi giya, su sayar tare da abinci a tsakar gidansu.

Kawu, mutanen nan sun yi min halacci. A hunturun bara zazzaɓi ya kayar da ni, tsohon ne ya kai ni asibiti a motarsa da tsakar dare, matarsa kuma ta yi mako guda tana kawo min romo. Tun daga nan suke cewa in zo in ci abinci a wurinsu, ni kuma ina ta kawo uzuri, yau jarrabawa, gobe ciwon kai. A watan Satumba malamin da ke duba aikina ya ce duk 'yan sashenmu mu haɗu a can don taya wata murnar kammala karatu. Na je. Lemon inabi na sha, na ci burodi da cuku da dankali, ban taɓa giya ba, Allah ne shaidata. Tsohon ya yi murna ƙwarai, ya zaga da ni rumbun ƙarƙashin ƙasa inda gangunan suke. Da zan tafi ya miƙo min kwalba ɗaya, ya ce ta shekarar da aka haifi jikansa ce. Kunya ta hana ni ƙi. Tana nan a ƙasan gadona.

Wata abokiyar karatu ta sa hotonmu a Facebook ta maƙala sunana. Ga ni ina dariya, ga kofuna da kwalabe cike da tebur. Yayana ya gani, ya kira ni ya yi min faɗan da bai taɓa yi min ba, ya ce na zubar da mutuncin gidanmu, ya kashe waya. Ina tsoron maganar ta kai kunnen Hajiyarmu da gidan su yarinyar da aka sa mana rana bayan Babbar Sallah.

Yanzu tsohon ya sake gayyata ta ranar 11 ga Nuwamba, ranar da suke buɗe sabuwar giya, ya ce an ajiye min kujera a teburin iyali. Ya kuma ce baɗi in zo in taya su tsinkar inabi, zai biya ni. Kawu, in je ko kada in je? Yaya zan yi da kwalbar? Me zan ce wa Yaya?

Ɗanka, daga Viyana

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma inda na fi tsayawa shi ne wurin nan da ka ce "yau jarrabawa, gobe ciwon kai". Kusan shekara guda kana zaune jikin mutanen nan, sun ga kwanciyarka sun ga tashinka, amma har yau ba ka buɗe baki ka gaya musu cewa kai Musulmi ne, ba ka sha, ba ka kuma zama inda ake sha ba. Da ka faɗi haka tun ranar da tsohuwar ta kawo maka kwanon romo na farko, da tsohon bai ɗauko maka kwalbar jikansa ba, da kuma ba a ajiye maka kujera ranar buɗe giya ba. Tun ran gini, tun ran zane. Kunyar da aka raine mu da ita ado ce a gaban surukai, amma Bature ba ya iya karanta ta. Mu idan mutum ya ce mana "sai na duba" sau uku, mun gane ya ƙi, mu bar shi da mutuncinsa. Shi kuwa tsohon nan da ya ji "ina da jarrabawa", abin da ya fahimta shi ne in an gama jarrabawa za ka zo.

Bari in ɗan tsaya a kan wurin kansa, don abin da zai zo wa masu karatu a rai, har da yayanka, daban yake da abin da ke ƙasa. Irin wannan gida mutanen Viyana suna kiransa Heuriger, ma'anar kalmar kuwa "na bana", wato giyar kakar inabi ta baya-bayan nan. Tsohuwar al'ada ce. A 1784 sarkin ƙasar, Joseph na Biyu, ya ba da izini kowane manomi ya sayar da abincin da ya noma da giyar da ya matsa da kansa a ƙofar gidansa. Har gobe in gidan ya buɗe za ka ga an rataya damin ɗanyen reshe a saman ƙofa, in an sauke shi kuma an rufe ke nan sai wani zagayen. Viyana babban birni ne da ke da gonakin inabi a cikin iyakarsa, kusan hekta 600, a su Grinzing da Nussdorf da Stammersdorf ɗinku da ke gindin tudun Bisamberg. Bencina ne na katako a tsakar gida, ana zuwa da yara da kakanni har da kare, mutum ya tashi ya je kanta ya zaɓo abinci a auna masa ya biya. Likita da direban bas sai su haɗa benci ɗaya. Don haka a idon tsohon nan gidansa ya gayyace ka, gadon ubansa ya nuna maka. Kamar manomin Kadawa ne ya kama hannunka ya zaga da kai gonarsa ta rani, da za ka tafi ya cika maka kwando da tumatir. Bai yi nufin lalata ka ba.

Yayanka kuwa bai taɓa ganin Heuriger ba. A gida, wurin da ake dafa giya a sayar nan take gidan burkutu ne a bayan gari, ko mashaya a Sabon Gari, kuma duk mun san sunan da ake kiran wanda aka gani yana fitowa daga can. Hoto ba ya da baki. Lemon inabi da farar giya kusan launinsu ɗaya a kofin gilashi. Yaya ya ga ƙaninsa da aka tura neman ilimi yana washe baki a tsakiyar kwalabe, ga aure a gaba. In da kai ne a Zariya shi yake can, da faɗan da za ka yi ya fi nasa.

To, kyawun niyyar tsoho bai canza abin da ke cikin ganga ba. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida cewa ta yi a nisanci giya, nisanta kuwa ta fi ƙin sha faɗi. Tirmizi ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi imani da Allah da Ranar Lahira kada ya zauna a teburin da ake zagayawa da giya a kansa. Kai ba ka sha ba, alhamdu lillahi, kuma kada ka yarda kowa ya rataya maka laifin mashayi. Amma zama ka zauna. Wannan ka nemi gafarar Allah a kansa ka wuce, ba abin da za ka hana kanka barci a kai ba ne. Malaman da ke zaune a ƙasashen Turai sun daɗe suna amsa irin wannan tambaya. Akwai masu sassauta wa wanda aiki ya tilasta wa zaman cin abincin da ba shi da yadda zai kauce masa, akwai masu cewa ko kusa. Sai dai ko mai sassaucin larura yake dubawa, ranar 11 ga Nuwamba kuwa babu wata larura. Ranar waliyyinsu Martin ce, ranar da ake yi wa sabuwar giya abin da su da bakinsu suke kira baftisma, a sa mata albarka, a ci gasasshiyar dinya, a ɗaga kofi. A walimar abokiyar karatunka giya rakiya ta yi. A wannan taro ita ce amarya, don ita aka shimfiɗa tebur. Kada ka je.

Amma kada ka ƙi zuwa ta hanyar da ka saba. Kada ka tura saƙon waya, kada ka ƙirƙiro tafiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ga wanda katanga ɗaya ta raba ku, yana ganin hasken tagarka daga tsakar gidansa. Ka je da ƙafarka ranar da reshen nan ba ya rataye, da la'asar, lokacin da suke zaman shan kofi da ɗan kek, abin da suke kira Jause. Ka riƙe musu wani abu a hannu, ko dabino mai kyau ko zuma. In an zauna ka ce wa tsohon, da Jamusancinka ko yaya yake: "Baba, ina da maganar da ya kamata in faɗa maka tun bara, kunya ta hana ni. Addinina ya hana ni shan giya, ya hana ni zama a teburin da ake shanta. Duk uzurin da na yi ta kawo maka, wannan ne a ƙarƙashinsa. Ku ne kuka tsaya min ranar da ba ni da kowa, ba na so in ci gaba da yi muku ɓoye-ɓoye. Ba zan zo ranar Martin ba, amma ina so ku zo ɗakina ku ci abincin ƙasarmu."

Daga nan ka yi shiru. Kada ka ɗora da wa'azi, kada ka kama lissafa illar giya ga hanta a gaban mutumin da a kan wannan sana'a ya tashi ya kuma tsufa. Bai tambaye ka ba. In ya tambaya, ka amsa daidai tsawon tambayar.

Na san abin da kake tsoro, kada ransa ya ɓaci. Ina ganin ka fi shi ɗaukar abin da zafi. Musulunci ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1912 doka ta amince da shi a hukumance, bayan daularsu ta haɗe Bosniya a 1908. Babban masallacin Viyana da aka buɗe a 1979 a gundumarku ta Floridsdorf yake, Turkawa da 'yan Bosniya kuma ga su nan ko'ina a garin. Ko mutanenmu ba yau suka fara zama can ba. Ɗan garinku marigayi Dakta Rilwanu Lukman ya riƙe muƙamin sakatare janar na OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da man fetur da ke da hedikwata a Viyana, daga 1995 zuwa 2000, a birnin ma Allah ya yi masa rasuwa a 2014. Wanda ya tsufa yana zuba wa mutane abin sha ya ga direbobi, ya ga masu juna biyu, ya ga waɗanda likita ya hana, ya ga waɗanda suka bar shaye-shaye ba sa son ko ƙanshinsa. "Ba na sha" ba za ta girgiza shi ba. Abin da zai yi masa ciwo shi ne wata rana ya gano da kansa cewa shekara guda kana yi masa hanya-hanya, ko ya ji a bakin wani cewa kwalbar jikansa a magudanar ruwa ta ƙare.

Maganar kwalba ke nan. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Muslim ma ya ruwaito daga Ibn Abbas, cewa wani mutum ya kawo wa Annabi (SAW) kyautar salkar giya. Annabi ya tambaye shi ko ya san Allah ya haramta ta, ya ce bai sani ba. Sai mutumin ya yi wa wani raɗa. Annabi ya tambayi abin da ya ce masa, ya ce umartarsa ya yi ya sayar. Annabi ya ce wanda ya haramta shanta ya haramta sayar da ita. Nan take mutumin ya kwance bakin salkar ya tsiyayar. Ka lura, ba a karɓi kyautar ba, ba a kuma ci zarafin mai kyautar ba, tambayarsa aka yi cikin natsuwa. Saboda haka ba sha, ba sayarwa, ba kuma miƙa wa wani abokin karatu da sunan kyauta. A ganina abin da ya dace shi ne ta koma hannun mai ita. A mazhabarmu ta Malikiyya giyar wanda ba Musulmi ba dukiya ce a wurinsa, har wanda ya fasa masa ita sai ya biya shi. Ka gaya masa tana nan ba a taɓa ta ba, ka roƙe shi ya ajiye wa jikan har ranar aurensa. Ya shigo ɗakinka ya sha shayi ya ɗauki abinsa da hannunsa, kai ka huta da dakonta. Kuma ka yi wannan cikin makon nan. Ɗakin da kake sallah ne, sannan duk ranar da wani ɗan gida ya kawo maka ziyara ya hango wuyan kwalba a ƙasan gado, babu rantsuwar da za ta wanke ka.

Kada dai ka bar hannunsa ya koma haka nan. Ka ce ya musanya maka da Traubensaft, wato matsattsen inabin da aka dafa aka rufe a kwalba tun bai fara juyawa ba. Yawancin irin waɗannan gidaje suna yin sa don yara da direbobi. Ka sha a gabansa, in ya yi daɗi ka ce ya yi daɗi. Mai sana'a ba abin da yake so irin a ɗanɗana guminsa a ce madalla, wannan kuwa gonar ɗaya ce, inabin ɗaya ne, hannun da ya yi aikin ma ɗaya ne.

Tsinkar inabi kuma ka ba shi haƙuri. Na san kuɗin tallafin karatu ba ya kai wata, na san yuro ɗari in an canza shi a gida abu ne. Amma hadisin Anas da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito mutum goma ya ambata a kan giya, ya kuma fara da mai matsa ta da wanda aka matsa wa, kafin ya zo kan mai sha da mai ɗauka da mai sayarwa da mai cin kuɗinta. Malamanmu sun hana ko sayar da inabi ga wanda aka san giya zai yi da shi. Kwandon da za ka cika ka san gangar da za shi.

Wannan bai hana ka karuwa da shi ba, tunda noma kake karanta. Ka bi shi gona wata safiya ka tambaye shi yadda yake aske rassa a hunturu, da yadda ake aurar da dashe. Zai ba ka labarin ƙwaron nan da ya zo daga Amurka ya cinye saiwar inabin Turai a ƙarni na 19, wanda ya ɓulla a Klosterneuburg, nan tsallaken kogin Danube daga unguwarku, a 1872. Abin da ya ceci gonakin shi ne ɗora reshen inabin Turai a kan gindin na Amurka mai jure wa ƙwaron, kuma har yau haka ake dasawa. Ana noman inabin ci a Kudan, nan kusa da Zariya. Abin da tsohon nan ya sani a kan kurangar inabi zai yi wa mutanen Kudan amfani in ka kawo shi gida, shi kuma zai ji daɗi ya samu mai saurarensa.

Yanzu sai ka cike gurbin kujerar da ka bari, don in ka ƙi tebur ka kuma ɗauke ƙafa, to a wurinsu ƙin su ka yi. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba. An ruwaito cewa an yanka wa Abdullahi ɗan Amr akuya a gidansa, da ya dawo abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude, ya kuma kafa hujja da hadisin da Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci. Hunturu na tafe. Dokar Ostiriya ta ɗora wa mai gida share ƙanƙarar da ta zuba a hanyar ƙafa ta gaban gidansa daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare. Su tsofaffi ne, kai kuma asuba tana tashe ka ko kana so ko ba ka so. In ka sallame ka ɗauki shebur. Ka ɗauko wa tsohuwar kayan cefane, ka gyara wa tsohon wayarsa in ta rikice. Ranar da za su zo wurinka ka je kasuwar Brunnenmarkt da ke Ottakring, mahauta Musulmi suna nan, ka sayo naman rago ka yi musu dafa-duka ko miyar taushe. Ka rage attaruhu sosai, abin da kake ganin babu yaji su hawaye zai sa su.

Taron sashenku kuwa zai sake zuwa, don can duk wanda ya gama karatu ko ya samu ƙarin girma irin wannan wuri ake nufa. Ka samu malaminka tun babu taro a gaba, ka gaya masa matsayinka a taƙaice. In an zo zaɓen wuri ka riga kowa kawo shawara: gidan shan kofi, tunda Viyana ta yi suna da su, ko gidan abincin Turkawa da rana. In an rinjaye ka, ka je da wuri ka yi wa mai murna barka, ka miƙa 'yar kyautarka, ka fita kafin a fara zuba kofuna. Wanda ya zo ya gaisa ya tafi ba a ce masa mai girman kai.

Akwai abin da ya ɗan tsaya min a wasiƙarka. Ka ce lemon inabi ka sha, kuma a watan Satumba ne. Ina fata ka ji sunansa kafin ka kai baki. A daidai wannan lokaci ake sayar da wani abu mai suna Sturm, ruwan inabi ne da ya fara juyawa bai gama ba, gurɓatacce a ido, ga zaƙi, ga ɗan kumfa. Ko murfinsa ba a ɗaurewa sosai don iskar da yake fitarwa. Baƙo sai ya ɗauka lemo ne, alhali da barasa a ciki, kullum kuma ƙaruwa take. Kamar bammi ne, da safe zaƙi, da yamma ya kayar da ƙato. Shi ya sa jiƙon zabibin da ake yi wa Annabi (SAW) ba ya wuce kwana uku yana sha. In ka bincika ka tarar Sturm aka ba ka ba ka sani ba, babu laifi a kan kuskure, sai ka kiyaye gaba. Kalmar Most ma tarko ce: a wani wuri matsattsen inabi ne marar maye, a wasu yankunan ƙasar kuma giyar tuffa ake nufi. In ka ce a ba ka Gespritzter kawai, giya ce da ruwan soda za a kawo. Ka kira Traubensaft da sunansa, ko ka nemi Almdudler a rufe ka buɗe da kanka. A kantar abinci kuma alade ne sarki. Farin man nan da ake shafa wa burodi, Schmalz, kitsen alade ne, Blunzen tsiran jini ne, wuƙar da ta yanka wannan ita za ta yanka wancan. Kwaɗon dankalinsu da romon nama ake haɗa shi, wasu kek ɗin da barasar rum a ciki. Tambaya ba ta zubar da girma.

Saura Yaya. Da farko ka roƙi abokiyar karatunka ta cire sunanka, in da hali ta sauke hoton gaba ɗaya. Ba da mugunta ta sa ba, kuma a ƙasarsu irin wannan roƙo ba baƙon abu ba ne. Sannan ka kira Yaya da kanka. Ban da saƙon murya, ban da dogon rubutu, ban da tura masa fatawa don ka kayar da shi. Ka gaishe shi yadda ka saba, ka fara da abin da yake gaskiya a cikin fushinsa: "Yaya, zaman da na yi a wurin kuskure ne, na kuma tuba. Amma wallahi ban sha ba, ban taɓa sha ba." In ya yi faɗa ka bar shi ya gama. Ka kula da kalmar da za ka zaɓa, don a fassarar Hausa ta Littafi Mai Tsarki "ruwan inabi" ake ce wa giyar inabi, wanda ya san haka in ka ce masa ruwan inabi ka sha ka ƙara dagula lissafi. Ka ce lemo.

Kada ka ce tunda Allah ya san gaskiya ba ruwanka da zaton mutane. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) yana i'itikafi, ya fito raka matarsa Safiyya da dare, wasu mutum biyu daga Ansar suka gan su suka ƙara sauri. Ya kira su ya ce su yi a hankali, Safiyya ce. Suka ce subhanallah, ya Manzon Allah. Ya ce Shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar jini, ya ji tsoron kada ya jefa musu wani abu a zuciya. In shi ya tsaya wanke zato, kai wane ne da za ka ɗaga kafaɗa?

Hajiya kuma ta ji daga bakinka kafin ta ji a gidan biki, inda labarin zai iso mata da ƙafa da hannu. Ita ma yarinyar ka gaya mata da kanka, a taƙaice, ba tare da rawar murya ba. Iyayenta ka bar wa Yaya, in maganar ta taso shi ya san bakin da zai yi musu, kuma in ya gamsu da kai zai fi ka iya kare ka.

Ina kuma zargin har yau gida ba su san ka kwanta asibiti bara ba, don haka 'ya'yanmu na waje suke yi, a ɓoye ciwo kada hankalin uwa ya tashi. To, yanzu ka faɗa. Ka gaya wa Yaya wanda ya tashi da tsakar dare cikin sanyi ya tayar da mota, ka gaya wa Hajiya wadda ta yi mako guda tana hawo maka bene da kwanon romo. Su san ko su wane ne mutanen da ka ji kunyarsu har ka zauna inda bai kamata ba. In na san iyayenmu mata, Hajiya za ta ce sai ta aika wa tsohuwar nan da tukuici. In ta ce haka, ka hana ta sa kilishi ko dambun nama, don ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi ya shigo da nama daga waje, a filin jirgi za a ƙwace. Turmin atamfa ga tsohuwar, hula zanna ko jakar fata ga tsohon, waɗannan za su wuce lafiya.

Kawunka